Rayuwa da cutar SEP: abin da ya kamata majiyyaci da iyalinsa su sani

Sau da yawa da ido abin yake farawa. Mace mai shekara 25 ta wayi gari ido ɗaya yana gani dishi-dishi, yana kuma ciwo idan ta juya shi. Bayan ƴan makonni gani ya dawo, kowa ya manta. Shekara guda ko biyu bayan haka sai ƙafa ta sage, ta riƙa jan ta, takalmi na fita ba ta sani ba. Wannan ma ya wuce. A gida wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce raki ne kawai. A irin wannan hali, ɗaya daga cikin cututtukan da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake nema ita ce wadda ake kira sclérose en plaques da Faransanci, SEP a taƙaice. A takardun asibitocin Najeriya MS ake rubutawa.

Cuta ce ta tsawon rai. Har yanzu ba ta da maganin da ke warkar da ita ɗungurungum, amma tana da magungunan da ke rage mata ƙarfi, kuma yadda mutum ya tsara rayuwarsa ta yau da kullum yana da babban tasiri a kan yadda zai zauna da ita.

Mece ce cutar SEP?

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa ta jini da ta nama da kuma wadda ke kai saƙo. Wannan ta ƙarshen ce SEP take taɓawa, a cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Kowane zaren jijiya yana da riga ta kitse da ake kira miyelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar kuran. Rigar ce ke sa saƙo ya yi saurin isa daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu ko ƙafa ko mafitsara.

A jikin mai SEP, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, takan yi kuskure ta afka wa wannan riga. Wurin ya kumbura, saƙo ya riƙa jinkiri ko ya yanke. Idan kumburin ya sauka jiki yakan yi gyara, amma ya bar tabo mai tauri. Waɗannan tabo, da ke warwatse a wurare da yawa, su ne suka ba cutar sunanta. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a shekarar 1868, a asibitin Salpêtrière da ke birnin Paris.

SEP ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure, ko ta shayarwa. Dabam take da shan inna, dabam take da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa, kuma ba taɓin hankali ba ce.

Su wa take kamawa?

Ƙididdigar da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita. A Faransa kaɗai sun haura 100,000. Ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato lokacin da mutum yake tsakiyar karatu ko aure ko neman na kansa, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku.

Ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi, irin su Kanada da arewacin Turai. A Afirka kudu da Sahara ba ta da yawa kamar can, amma akwai ta, kuma ƙarancin likitocin jijiyoyi da na'urorin bincike ya sa wasu masu ita ba a taɓa gano su ba.

Abubuwa da dama ne ke haɗuwa su kawo ta. Akwai gado, amma ɗan kaɗan: ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da SEP, haɗarin ya kamu bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suke ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba. Wani bincike da aka wallafa a 2022, a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, ya nuna kamuwa da ita yana ninka haɗarin SEP sau 32. Shan taba, da ƙarancin bitamin D, da ƙiba mai yawa a lokacin balaga, su ma suna ƙara haɗarin.

Alamomin da aka fi gani

Alama ta danganta da inda tabon ya faɗa, shi ya sa da wuya a samu mutum biyu masu ciwo iri ɗaya sak. Waɗanda aka fi gani su ne:

- dishi-dishin ido ɗaya tare da ciwo, ko ganin abu bibbiyu;
- sagewar hannu ko ƙafa, jin kamar tafiyar kiyashi ko tsirar allura a fata;
- rashin ƙarfi da sanƙarewar ƙafafu;
- jiri, tangaɗi a tafiya, karkarwar hannu idan an kai shi ga abu;
- matsuwar fitsari, ko fitsarin ya ƙi fita duka;
- gajiya mai nauyi wadda ba ta yi daidai da aikin da aka yi ba;
- mantuwa da wahalar tattara hankali wuri ɗaya.

Wasu kuma idan suka sunkuyar da kai sai su ji kamar kuran ya ja su daga wuya zuwa gadon baya. Likitoci suna kiran wannan alamar Lhermitte.

Yadda take tafiya

Wajen kashi 85 cikin 100 na masu SEP suna farawa ne da nau'in da ke tashi ya lafa. Tashin ciwo shi ne sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, ta ɗauki aƙalla awa 24 ba tare da zazzaɓi ba. Yakan yi kwanaki ko makonni, sannan ya sauka gaba ɗaya ko ya bar saura. Bayan shekaru, a wasu mutane cutar takan sauya hali, ta riƙa ci gaba a hankali ba tare da lafawa ba. Sauran kashi 10 zuwa 15 kuwa tun farko a hankali take cin su, galibi ta ƙafafu.

Wannan tashi da lafawa shi ne ke ruɗa iyalai. Tun da ciwon yakan sauka da kansa, duk maganin da aka sha na ƙarshe shi ake yaba wa, ko jiƙo ne ko hayaƙi. Alhali ko a lokacin da mutum yake jin garau, sababbin tabo suna iya fitowa shiru a ƙwaƙwalwa. Shekarun farko su ne magani ya fi amfani a cikinsu, kuma su ne aka fi ɓatawa wajen yawon neman magani.

Ba kowane mai SEP ne yake ƙarewa a keken guragu ba. Mafi yawansu suna ci gaba da tafiya da ƙafafunsu, ko da da sanda ne, kuma suna tsufa da cutar.

Yadda ake gano ta

Babu gwaji ɗaya tak da ke tabbatar da SEP. Likita yana haɗa abu uku: tarihin ciwon, da hoton ƙwaƙwalwa da laka na na'urar IRM, da kuma gwajin ruwan laka, wanda ake ɗiba a baya da allura kamar yadda ake yi wa wanda ake zaton yana da sanƙarau. Hoton sikana na yau da kullum ba ya nuna tabon yadda ya kamata, don haka sikana mai kyau ba ta wanke mutum daga cutar ba.

Kafin a ce SEP ce, sai an kawar da cututtukan da ke kama da ita, waɗanda wasunsu sun fi ta yawa a yankin Sahel: tarin fuka na ƙashin baya, sida, tunjere, tsargiyar da ta kai ga laka, da ƙarancin bitamin B12. Akwai kuma cutar Devic, mai kama jijiyar gani da laka da tsanani, wadda ta fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa. Ana gane ta ta wani gwajin jini na musamman. Bambance su dole ne, domin wasu magungunan SEP suna tsananta cutar Devic.

A Nijar likitocin jijiyoyi ƙalilan ne, mafi yawansu a manyan asibitocin Yamai suke. Mutanen Maraɗi da Damagaram wasu lokuta sukan tsallaka Kano. Ko ina za a je, ya kamata majiyyaci ya tafi da dukan takardunsa da hotunansa, da kuma ɗan littafin da ya rubuta ranar da kowace alama ta fara da ranar da ta wuce. Wannan littafi yakan taimaki likita kamar yadda hoton yake taimaka masa.

Magunguna kashi uku ne

Na farko, maganin tashin ciwo. Idan tashin ya hana gani ko tafiya, akan ƙara wa majiyyaci ruwa da maganin methylprednisolone, giram 1 kowace rana, na kwana 3 zuwa 5. Yana gajarta tashin, amma ba ya hana wani zuwa. Yana iya ɗaga sukari da hawan jini, ya kuma hana barci. Danginsa da ake sayarwa a tebur, irin waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, ba maganin SEP ba ne, kuma daɗewa ana shan su yana cinye ƙashi ya raunana garkuwar jiki.

Na biyu, magungunan da ke rage yawan tashin da fitowar sababbin tabo. Na farkonsu, interferon beta, ya fito a Amurka a 1993. Yau akwai da yawa: na allura, na haɗiya, da na ƙarin ruwa. Babbar matsalarsu tsada da wahalar samu. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta saka uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: cladribine, da glatiramer, da rituximab. Rituximab, wanda akan ƙara sau ɗaya a wata shida, yana cikin waɗanda ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke dogara da su, tun da dama asibitoci na amfani da shi a wasu cututtukan.

Kafin a fara irin waɗannan magunguna sai an yi gwajin ciwon hanta nau'in B, da tarin fuka, da sida, saboda maganin yana iya tayar da cutar da ke kwance. Allurar rigakafin shawara, wadda ake nema wajen tafiye-tafiye, tana da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, don haka ba a yi wa mai shan waɗannan magunguna ita sai da izinin likitansa. Wasu magungunan, kamar fingolimod da natalizumab, idan aka dakatar da su farat ɗaya ciwon yakan dawo da ƙarfi. Wanda kuɗinsa ke shirin ƙarewa gara ya faɗa wa likita tun da wuri, a nemi mafita tare.

Na uku, magungunan alamomi: baclofène don sanƙarewa, gabapentine ko amitriptyline don zogin jijiya, oxybutynine don matsuwar fitsari. Zogin jijiya ba ya jin paracétamol sosai, abin da ke tura wasu ga tramol na kasuwa. Wannan hanya ce ta ƙara wa kai wata cutar.

Allurai da yawa ana ajiye su ne a firigo, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a wurin ƙanƙara ba. Saboda ɗaukewar kuran, yana da kyau a tanadi kula da ƙanƙara, a naɗe maganin da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar ya daskare.

Zafi: babban ƙalubale a Sahel

Fiye da rabin masu SEP suna jin jiki idan suka ɗau zafi. Jijiyar da rigarta ta lalace ba ta jure ɗumi: ko rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, gani yakan dushe, ƙafafu su yi nauyi. Likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ne ya bayyana haka a 1890. Abin kwantar da hankali shi ne wannan ba sabon tashin ciwo ba ne, kuma ba ya ƙara tabo. Da zarar jiki ya huce alamun sukan koma yadda suke.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Yamai, dabarun da ke taimakawa su ne:

- a yi kasuwa da ziyara da sassafe ko bayan la'asar sakaliya;
- a riƙa kurɓar ruwan randa ko na firigo a kai a kai;
- a jiƙa mayafi ko tawul a ɗora a wuya, a zauna gaban fanka;
- a yi wanka da ruwan sanyi kafin fita da bayan dawowa;
- a sa tufafin auduga masu faɗi da haske;
- a nisanci murhu da tsakar rana, a yi girki a inuwa, a zaune.

Gashi da ruwan zafi, da turare a lulluɓe, da kwanciya a rana don a gasa ƙafa, duk suna ƙara nauyin jiki ga mai wannan cuta. Zazzaɓi ma haka yake yi, saboda haka gidan sauro da saurin gwajin maleriya suna cikin maganin mai SEP.

Gajiyar da ba a gani

Wajen mutum 8 cikin 10 na masu SEP suna fama da gajiya, kuma da yawansu sun ce ta fi komai damunsu. Takan sauko farat ɗaya, galibi da rana, ko da mutum ya yi barci isasshe. Da yake ba a ganinta a fuska, ita ce ta fi jawo zargi: a ce wa amarya malalaciya, a ce wa ma'aikaci ba ya son aiki.

Dabarar ita ce a ɗauki ƙarfin jiki kamar kuɗin cefane, a kasafta shi. Aiki mai nauyi a yi shi da safe. A huta kafin gajiyar ta zo, ko da na minti 15 ne. Abin da za a iya yi a zaune, kamar wanke-wanke da guga da yankan kayan miya, kada a yi shi a tsaye. Ɗaukar ruwa da daka da wankin manyan kaya a raba su da sauran mutanen gida. Idan gajiyar ta ƙaru ba dalili, a duba ƙarancin jini da ciwon sanyin mafitsara da rashin barci, domin duk suna da magani.

Fitsari da bayan gida

Wannan ne abin da majiyyata suka fi jin nauyin faɗa, har ga likita. Da yawa sukan rage shan ruwa don gudun abin kunya a cikin mutane, sai fitsari ya yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ciki kuma ya bushe. Abin da ya fi shi ne a sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka a lokacin zafi, a rage kawai idan dare ya yi, a kuma riƙa kewayawa duk bayan awa biyu ko uku ba sai an matsu ba. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro suna ƙara matsuwar. Wanda mafitsararsa ba ta zubar da fitsari duka ana iya koya masa sa siririyar roba da kansa. Bushewar ciki kuma tana jin ruwa da ganye, irin su zogale da rama da kuɓewa, da wake, da motsa jiki.

Motsa jiki da gyaran gida

A da akan ce wa mai SEP ya kwanta ya huta. Yanzu an tabbatar motsa jiki daidai ƙarfi yana rage gajiya da sanƙarewa, yana kuma gyara tafiya. Tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya, da miƙe gaɓoɓi kullum, sun isa a fara da su. Ma'aikacin kine zai iya koya wa majiyyaci da wani ɗan'uwansa atisayen da za su riƙa yi a gida.

Faɗuwa ta fi aukuwa a makewayi da bakin ƙofa. Ƙarfen kamawa a bango, da kujera mai rami a kan masai ga wanda tsugunno ke ba wuya, da ɗan benci na wanka, duk maƙeri ko kafinta na unguwa zai iya yin su. A ɗauke tabarmi mai naɗewa daga hanya, a ajiye tocila kusa da shimfiɗa, a sa takalmi mai kama dunduniya maimakon silifa. Sanda ba abin kunya ba ce. Mai tangaɗi ya yi hattara da hawan kabu-kabu. Wanda ƙafarsa ta sage ya riƙa gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowane dare saboda ƙaya da ƙuna. Wanda ya kwanta kuwa a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya.

Game da abinci, babu wani nau'i da aka tabbatar yana warkar da SEP. Abincin gida mai ganye da wake da kifi, da rage mai da gishiri da sukari, shi ne daidai. Barin taba yana rage saurin ci gaban cutar. Bitamin D kuma likita ne zai ƙayyade adadinsa, domin yawansa yana taɓa ƙoda.

Aure, ciki da jego

SEP ba ta hana aure, ba ta hana haihuwa. Wani babban bincike da likitocin birnin Lyon suka jagoranta, aka wallafa a 1998, ya nuna tashin ciwo yana raguwa da wajen kashi 70 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na ciki, sannan ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa. Saboda haka ciki yana son shiri. Wasu magunguna, kamar tériflunomide, suna cutar da ɗan tayi, dole a sauya su tun kafin a samu cikin. Yawancin mata suna haihuwa da kansu, kuma shayarwa ba ta da laifi, sai dai a tambayi likita game da maganin da ake sha.

Wankan jego yana buƙatar a zauna a yi magana da iyaye mata tun kafin haihuwa. Tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40 yana iya saukar wa mai SEP rauni da dushewar gani, har ta faɗi, kuma idan fatarta ta sage za ta ƙone ba ta ji ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya wadatar. Abin da ta fi buƙata shi ne barci da wanda zai kama mata renon dare.

Cutar tana iya rage sha'awa ko ƙarfin namiji. Wannan daga jijiya ne, ba alamar ƙiyayya ba ce ko ɗauri, kuma akwai abin da likita zai iya yi a kai.

Azumi da salla

Masu SEP da ciwonsu ya lafa da yawa suna yin azumi lafiya. Wanda yake cikin tashin ciwo, ko ake yi masa ƙarin ruwa, ko yake yawan samun ciwon mafitsara, ko azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, ya kamata ya shawarci likita tun kafin wata ya kama, a kuma gyara masa lokutan shan magani. Addinin Musulunci ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama, ko ya ciyar idan ciwon ba mai tafiya ba ne. Haka ya halatta salla a zaune ko a kwance, kuma akwai hukunci na musamman ga mai yoyon fitsari, wanda malamai za su yi bayaninsa. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Abin gudu shi ne ajiye magani, da tsaga ko ƙuna a fatar da ba ta ji.

Aiki, karatu da haƙƙi

Da yawa suna barin aiki da wuri, alhali ƙananan sauye-sauye sun isa su riƙe su: ofis a ƙasa maimakon bene, kusa da makewayi, hutun tsakar rana, kujera ga malamin lakkol ko mai tsaron kanti. Ɗalibi zai iya neman ƙarin lokaci a jarrabawa da takardar likita. Mai mantuwa ya riƙa rubutawa, ko ya sa wayarsa ta tuna masa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008. A 1993 kuma an kafa dokar da ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatu da kamfanonin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama. Ofisoshin kula da jin daɗin jama'a na asibitoci, da tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, su ne wuraren da za a fara tambayar takardun da ake buƙata da tallafin da ake iya samu.

Zuciya da zaman iyali

Kusan rabin masu SEP suna faɗawa cikin ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, wani ɓangare saboda tabon da ke ƙwaƙwalwa, wani kuma saboda nauyin halin da suke ciki. Baƙin ciki da ya wuce mako biyu, da ƙin abinci, da ƙaurace wa mutane, abin kai wa likita ne, ba rashin tawakkali ba ne. Wanda ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Iyali su sani cewa mai SEP yana iya zuwa biki yau, gobe ya kasa tashi, kuma duka biyun gaskiya ne. Taimakon da ya fi shi ne a tambaye shi abin da yake so a kama masa, a bar masa abin da zai iya. Jinya kuma kada ta tare a kan mutum ɗaya, wanda galibi mata ce ko uwa ko babbar ɗiya da aka cire daga lakkol. Ranar 30 ga Mayun kowace shekara ce ranar cutar ta duniya, kuma ta intanet masu ita suna haɗuwa da takwarorinsu na wasu ƙasashe suna musayar dabaru.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Kada a jira ranar da likita ya bayar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- sabuwar alama da ta wuce awa 24, musamman raguwar gani ko rashin ƙarfin ƙafa;
- zazzaɓi ga mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki;
- fitsari ya ƙi fita sam, ko yana zafi da wari;
- wahalar haɗiya ko ta numfashi;
- ruɗewa, ko sauyin hali da magana cikin ƴan kwanaki;
- karkacewar baki ko shanyewar ɓari ɗaya farat ɗaya, domin mai SEP ma yana iya samun wata cutar dabam.

A cibiyar CSI ko asibitin gunduma za a iya fara gwajin maleriya da na fitsari, domin sau da yawa su ne ke tayar da tsofaffin alamu. Idan gwajin bai nuna komai ba kuma alamar tana nan, sai a nemi takardar turawa zuwa ga likitan jijiyoyi, a tafi da littafin tarihin ciwon da sunayen duk magungunan da ake sha.